Ƙahon da Aka Yi wa Maigidana a Sara

In dai ina numfashi, ba zan taɓa manta ranar da aka yi wa maigidana ƙaho a garin Sara ba. Shekaru sun ja, yaran da nake goyo a lokacin sun fara tsere mini tsawo, amma har gobe in na hango wanzami rataye da zabira sai in kau da kai. Mutane suna ce mini ai ya wuce, in yi haƙuri. To na yi haƙurin, amma ba wanda zai hana ni faɗa.

Maigidana tela ne a nan Birnin Kudu. Ya yi karatunsa, yana da takardar difloma, sai dai aiki ya ƙi samuwa, ya rungumi keken ɗinki. Muna zaune a ɗaki ɗaya cikin gidan haya, mu da yara biyu, in ana ruwa sai mun ɗage tabarma mun jera kwanuka. A shekarar nan aka buɗe ɗaukar ma'aikata a wani aikin ɗamara, ya cike takardar neman shiga, kuma cikin ikon Allah sunansa ya fito a waɗanda za a tantance. Matsalar ita ce shekarunsa sun zo gaɓa. In bai shiga a wannan karon ba, baɗi ƙa'idar shekaru ta fitar da shi, shi ke nan har abada. Kuma kowa ya san a wurin tantancewar nan sai an yi gudu. Mutumin da ya shekara da shekaru a zaune yana taka keke, har ɗan tumbi ya fara leƙowa, shi ne zai je ya yi tsere da samari.

Ranar da ya fara, ni kaina na yi masa dariya, ba zan ɓoye ba. Ya dawo daga sallar asuba, ya zura wani kambas da ya samo a gwanjo, ya ce mini, "Yau sai na taɓo hanyar Sundimina na dawo." Ya fita a guje kamar wanda kare ya biyo. Ko ruwan kokon da na ɗora bai tafasa ba sai ga shi ya dawo yana dafa bango, idanu sun yi ja, yana riƙe da gefen ciki. Ya zube a tsakar gida yana haki, har ya amayar da ruwan da ya sha. Na ce, "Sannu Malam, yaya mutanen Sundimina?" Ya harare ni, bai ma samu numfashin ramawa ba. Ashe ko rijiyar burtsatsen unguwarmu bai wuce ba.

Allah ya taimake mu da wani malamin wasanni na makarantar sakandare, wanda yake kawo masa ɗinki. Da ya ji labari sai ya ce masa ba haka ake yi ba. Jiki ba ya son a yi masa ba-zata. Ya ce ya riƙa bin falwayoyin wutar lantarki na bakin titi, daga wannan zuwa waccan ya yi sassarfa, daga waccan zuwa ta gaba ya taka a hankali, haka haka har jiki ya saba. In ya fita yau, gobe ya huta. Kuma ya ba shi wata ma'auna da ta burge ni. Ya ce, "In aka gaishe ka a hanya ka kasa amsawa har zuwa yaya iyali, to ka cika sauri, ka rage." Ga mu a garin da ba ka taku goma ba a ce maka ina kwana ba, ai kuwa ya samu masu gwada shi.

Su kuma 'yan teburin mai shayi na bakin kwanarmu, sai suka samu abin yi. Ƙarti majiya ƙarfi, tun safe an baje a benci ana jiran wani ya zo ya saya musu shayi, su ne masu bakin magana. Da ya ɓullo yana sassarfarsa sai ka ji an kwashe da dariya. Wani ya ce, "Tela, wa ya biyo ka?" Wani ya ce, "Wannan ai gudun tsohuwa ne in ta ji hadari!" Akwai wani mai ƙaton ciki, wanda in zai tashi daga benci sai ya dafa gwiwa ya yi salati, shi ne har da cewa in da shi ne, cikin kwana biyu zai gama shiri. Mtsw! Maigidana sai ya ɗaga musu hannu ya ce, "Mun kwana lafiya? Yaya iyali?" ya wuce abinsa. In ya dawo yana ba ni labari ni ce nake hasala, shi dariya yake yi.

Wahala kam ya sha ta. Da farko ƙwaurinsa ya riƙa ciwo, har ya kasa taka keke sosai. Nakan dafa ruwa in gasa masa da tsumma, in shafa masa man zafi, yana cije baki yara suna leƙensa. Akwai safiyar da ya zauna a bakin gado da kambas a hannu, ya ce anya kuwa ba wahalar banza yake yi ba. Na ce masa ya dubi rufin ɗakin nan ya sake faɗa. Ya ɗaga kai, ya duba, ya ɗaura igiyar takalminsa ya fita.

A hankali abu ya fara kama jiki. Sassarfa ta fara yawa, tafiya ta fara raguwa, har ya daina ƙirga falwaya gaba ɗaya. Damina ta sauka yana fita, ya dawo da taɓo har gwiwa, ni ce mai wanki. Gero ya fitar da kai, mutanen da ke sammakon zuwa gona a hanyar Sundimina suka saba da shi, har in bai fita ba washegari su tambaye shi ko lafiya. Tumbin nan ya tafi. Ya daina haki in ya ɗauko jarkar ruwa. Wata rana ya dawo, gumi na zuba amma numfashinsa a kwance, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ke, mutanen Sundimina suna gaishe ki." Wallahi ranar sai da na yi guɗa. Sha-raɓarsa kuwa, wato naman bayan ƙwauri, ta ɗaure ta yi tauri, in ka danna kamar ka danna ɗanyar gwanda. Malamin wasannin nan da ya gani ya ce to yanzu ka zama mai gudu.

Da ranar tantancewa ta matso, saura 'yan kwanaki, sai ya ce mu shirya mu je Sara, can ƙasar Gwaram, ya nemi albarkar Baffa. Baffa ƙanin mahaifinsa ne, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami bayan rasuwar mahaifin, shi ya sa shi a makaranta, shi ya tsaya masa a aurenmu. Wannan kam ba na musu, kuma a wurinmu ba ka tunkarar babban abu ba ka je ka durƙusa a gaban wanda ya rene ka ba. Ni ma da murnata na shirya, har da ƙulla wa Inna, matar Baffa, ɗan sabulu da omo.

Sai dai Baffa irin dattawan nan ne da ba a taɓa kawo maganar da ba su sani ba. In ana zancen noma shi ne, in ana zancen jirgin sama shi ne. Bai taɓa kwana a asibiti ba, saboda haka a ganinsa duk likitocin duniya ɓata lokaci suke yi. Kowace cuta a wurinsa sunanta ɗaya, mataccen jini. Ciwon kai mataccen jini ne, kasala mataccen jini ce, na tabbata ko akuyarsa ce ta ƙi cin dusa zai ce a kira wanzami.

Mun isa da hantsi. Aka yi gaishe-gaishe, na shige cikin gida wurin Inna, shi ya zauna da Baffa a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida. Katangar ba ta da tsawo, ana jin komai. Na ji Baffa yana sa masa albarka, na ji daɗi. Can sai na ji ya ce, "To gudun da aka ce kana yi, ɗage wandon in ga ƙafar." Sai kuma na ji salati da ƙarfi.

"La'ilaha illallahu! Kai, yaron nan, kana so ka kashe kanka? Ji nan! Ji yadda ya daskare kamar dutse! Wannan ai mataccen jini ne ya taru. Da wannan za ka je ka yi gudu a gaban hukuma?"

Na ji maigidana ya ce, cikin ladabi, "Baffa, ai motsa jikin ne ya sa naman ya yi ƙarfi."

"Naman wa? Ni za ka gaya wa nama? Na yi noma tun ba a haifi ubanka ba..." Ya manta ma uban maigidan nawa yayansa ne. Ya ƙwalla wa wani maƙwabci kira, ya ce maza a nemo masa wanzami, a ce ya taho da ƙahonni.

Abin da muka yi watanni muna ginawa, ni da ruwan zafi shi da gumi, shi ne dattijon nan ya danna da yatsa sau ɗaya ya ce cuta ce. Na kama hannun Inna na ce, "Inna, don Allah ki yi masa magana. Kwana kaɗan ya rage, in aka tsattsaga masa ƙafa yaya zai yi?" Inna ta dube ni da tausayi ta ce, "'Yar nan, ni da na shekara arba'in da shi ban taɓa juya shi ba, yau zan fara? Ki bar shi, ai gata yake yi masa."

Gata! Ban san lokacin da na ja mayafi na fita ba. Kowa ya san suruka ba ta tsoma baki a zancen maza, balle a ƙofar gida, balle a gaban Baffa. Na durƙusa daga nesa, na sunkuyar da kai, na ce, "Baffa, a gafarce ni. Na ce ko za a bari sai ya dawo daga tantancewar a yi masa? Kada ciwon ya hana shi gudu."

Baffa bai ko dube ni ba. Ya juya wurin dattawan da suka fara taruwa ya ce, "Kun ji zamani ko? Yau mace ce za ta koya mini sha'anin jinin maza." Aka yi 'yar dariya. Sannan ya dubi maigidana ya ce, "Kai, in matarka ce ke yanke maka shawara yanzu, ka faɗa mini in sani, in janye hannuna."

Na ɗago ido na dubi mijina. Wallahi kalma ɗaya nake jira. Ya san gaskiya, ya fi kowa sanin abin da ke cikin ƙafar nan, shi ya tara shi falwaya bayan falwaya. Ya dube ni, ya dubi Baffa, sai ya mayar da kai ƙasa yana tsinkar zaren tabarma. Ya ce, "A'a Baffa, duk yadda ka ce." Ya juyo ya ce mini a hankali, "Ki koma ciki." Na koma, amma ban wuce zaure ba, a nan na tsaya ina kallo, hawaye na zuba don takaici.

Wanzami ya zo da zabirarsa, ya shimfiɗa kayan aiki. Shi kam ba ruwansa, sana'arsa aka kira shi ya yi, har yana taya Baffa cewa lallai jinin nan ya daɗe. Aka kwantar da maigidana rub da ciki. Wanzamin ya kafa ƙahonni a sha-raɓa biyu da bayan cinyoyi, ya zuƙa, fata ta tattaro. Ya cire, ya sa aska ya tsattsaga, ya mayar ya sake zuƙa. Da ya ɓalle ƙahon farko ya juye gudan jini a ƙasa, sai Baffa ya sa tsinke yana tona shi yana nuna wa jama'a. "Kun gani? Baƙi ƙirin! Da wannan zai tafi!" Dattawa suna ta girgiza kai suna cewa Allah ya rufa asiri. Jinin da ya fito ya sha iska ai dole ya daskare ya yi duhu, ko na ragon layya haka yake yi, kuma duk cikinsu ba wanda bai taɓa yanka rago ba. Amma ranar kowa ya zama likita.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Baffa ya tambayi maigidana ko gefen cikinsa yana kama shi in yana gudu. Maimakon ya ce a'a, sai bawan Allahn nan ya ce da farko dai yana yi, amma yanzu ya daina. Baffa ya ce, "Saifa ce! Ta kwanta ne tana jiran ranar." Aka juya shi, aka jera masa tsaga a ƙarƙashin haƙarƙari, wanzami ya ɗebo wani baƙin gari a ƙullin leda ya goge wurin da shi, ya bi duk tsagar ƙafafun ma ya cusa. Baffa ya tofa masa addu'a, ya ce yanzu ko barewa ba za ta kamo shi ba.

A mota daga Sara zuwa Birnin Kudu na juya masa ƙeya ina kallon taga. Shi ma ya kasa zama sosai, yana ta gyara ƙafa. Da muka shiga ɗaki ya ce, "Ki yi haƙuri, kin san Baffa ne." Na ce, "Na san Baffa ne. Kai ne yau ban gane ba." Washegari ƙafafun suka kumbura. Na wanke, na gasa, na yi duk abin da na iya, amma baƙin garin nan ya riga ya zauna a cikin fata, tsaga ɗaya ma ta fara ruwa. Duk da haka ya gwada fita, ya dawo ya ce da zafi amma zai iya. Kuma na yarda zai iya ɗin, don na san abin da ke jikinsa.

Ranar tantancewa ya yi sammako ya tafi. Na yini ina addu'a, ko abinci ban iya ci ba. Kafin la'asar sai ga shi ya shigo. Da na ga rigarsa a bushe, ba alamar gumi, na san an yi ɓarna. Ya zauna a bakin gado ya ba ni labari.

Ashe kafin a yi gudu sai an duba jiki. Aka sa suka tuɓe daga su sai gajeren wando, aka jera su a fili. Wani jami'i yana bin layi yana duba kowa, ƙafa, hannu, ido, haƙori. Da ya zo kansa ya ce ya juya. Ya ga baƙaƙen tsaga jere a ƙafafu, ga kumburi, ga wata tana ruwa, ga wasu a ƙarƙashin haƙarƙari. Ya tambaye shi mene ne wannan. Ya ce ƙaho ne. Jami'in ya ce ƙa'idarsu ba a ɗaukar mai ɗanyen rauni ko zane a jiki, kuma wanda aka yi wa tsagar saifa ai alama ce yana da ciwo a ciki. Ya ce ya fita daga layi. Maigidana ya roƙe shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiyata ƙalau. A bar ni in yi gudun kawai, in na gaza a kore ni." Mutumin ya ce ba shi ya kafa dokar ba, ya wuce kan na gaba. Ni ban ga laifinsa ba, aikinsa ya yi.

Bai iya tahowa nan take ba. Ya ce ya koma bayan shingen waya ya tsaya yana kallo aka busa usur. Ya ga samari sun fita a guje kamar yadda ya yi ranar farko, tun ba a je ko'ina ba wasu suka fara zubewa, wasu suna amai. Ya dube ni ya ce, "Kin san nisan da aka ce su yi? Bai kai rabin abin da nake yi kowace safiya ba." Tun da na aure shi ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Da yamma Baffa ya bugo waya ya ji yadda aka yi. Ina zaune ina ji. Na zaci ko sau ɗaya zai ce kash. Ina! Cewa ya yi, "To Alhamdulillahi da aka cire jinin nan. Da ka shiga gudun da shi, da yanzu gawarka aka kawo mana. Aikin kuma ba rabonka ba ne." Maigidana ya ce, "Haka ne Baffa. Na gode." Na gode! Na tashi na fita tsakar gida, don in na zauna zan faɗi abin da zai kashe mini aure. Na yarda da ƙaddara, ni Musulma ce. Amma a sa aska a yanka mutum da rana tsaka, a gaban shaidu, sannan a juya a ce rabo ne ya ƙi, wannan kam raina wa mutane hankali ne.

Shekara ta zagayo, aka sake buɗe ɗaukar aiki, shekarunsa sun haura. Ko kallon sanarwar bai yi ba. Baffa ya rayu shekaru bayan haka, kuma har ya koma ga Allah yana ba da labari a majalisa yadda ya ceci ran ɗansa. Allah ya jiƙansa, na san da ƙauna ya yi. Amma ƙaunar ba ta mayar mana da komai ba.

Abin da na koya shi ne, mai ƙaunarka zai iya rusa ka da hannunsa yana sa maka albarka, in dai yana ganin tsufa ya ba shi sanin komai, kai kuma kana ganin yin shiru shi ne ladabi. Mijina ya iya jure ciwo da dariyar mutane na watanni, amma ya kasa furta kalma ɗaya a ranar da ta fi kowace muhimmanci. Shi ya sa nake koya wa 'ya'yana su durƙusa har ƙasa in za su gaida babba, kada su ɗaga masa murya, kada su haɗa ido da shi. Amma ina gaya musu, in abu ya shafi jikinsu da rayuwarsu kuma sun san gaskiya, to daga durƙuson nan ma ana iya cewa a'a.